Amanar da ke wuyan likitan kunne



A wannan fili mun saba zancen zazzaɓin cizon sauro, da zawo, da irin shuka, da takin zamani. Yau ina so mu taɓa wani zance da ba a cika yi ba. Zancen kunne ne da baki, da mutanen da aka ɗora ma nauyin duba su. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, in kunnen da kansa ya kasa ji fa? Wa za mu kai ma kuka, kuma me ke wuyansa in mun kai?

Masu wannan aiki iri uku ne. Akwai lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro. A ƙofar ɗakinsa za ku ga haruffa uku, ORL. Akwai mai awon ji, wanda ke sa ma mutum wani abu a kunne, ya riƙa aiko masa da ƙara, babba da ƙarama, har ya gane iyakar abin da kunnen ke kamawa. Akwai kuma mai koyar da magana, wanda ake ce ma ortofonis da Faransanci. Shi ke taimakon yaron da bakinsa ya yi jinkiri, da mai i'ina, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke ma magana.

Waɗannan mutane ba su da yawa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta fitar da rahoto a kan ji. Ta ce a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 78 cikin 100 ba su da ko lokotoron kunne guda ga mutum miliyan ɗaya. Mai awon ji kuwa ya fi haka wuyar samu. Saboda haka mu mutanen karkara, likitan kunnenmu na farko shi ne majo na gidan likitan garinmu, ko unguwarzoma mai awon ciki da awon yara. Abin da zan faɗa ya shafe su kamar yadda ya shafi manyan da ke Yamai da Damagaram.

Ra'ayina shi ne: babban bashin da muke bin waɗannan ma'aikata gaskiya ce. Su faɗa mana ita da wuri, cikin harshen da muke ji. Magani da na'ura duk suna bayanta. Bari in gaya maku abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Shekara huɗu da aka yi hasara

Manyanmu suna tune da sanƙarau na 1995. A wannan shekara cutar ta kama mutum fiye da dubu 40 a Nijar. Ɗan yayata yana cikin waɗanda ta kama, yana da shekara biyu da ƴan watanni. Ya fara cewa "inna", ya fara cewa "ruwa". Aka kwantar da shi, aka yi masa allurai, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ranar sallama aka ce mana ya warke sarai. Muka yi murna, muka yi sadaka.

Bayan wata biyu uwarsa ta lura in ta kira shi daga baya ba ya waigowa. Ƴan kalmomin da ya iya suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ta koma da shi gidan likita. Aka haska kunnen da tocila, aka ce ba ƙurji, ba ruwa, kunne lafiya lau. Aka ce mata wasu yara nauyin baki gare su, ta yi haƙuri, zai yi magana. Ta dawo gida da farin ciki, don abin da take so ta ji ke nan.

Daga nan aka shiga neman magani. Wanzami ya cire masa beli. Wani ya ce linzamin harshe ne, aka tsaga. An sha rubutu, an yi turare. Akuya biyu da buhun gero suka tafi a wannan hanya. Sai da yaro ya kusa shekara bakwai muka kai shi birni, wurin wani lokotoro. Bai yi rabin awa yana awo ba ya zaunar da mu. Ya ce sanƙarau ya lalata can cikin kunnen, inda tocila ba ta gani. Ya ce ba kwaya ko allurar da za ta maido da jin. Ya ce harshen yaron lafiyarsa ƙalau, hankalinsa ma haka, mu kai shi makarantar kurame ya koyi maganar hannu da rubutu.

Yayata ta yi kuka har muka fito bakin titi. Da muka shiga mota sai ta ce mani: "Da tun farko aka gaya mani haka, da ban bari an taɓa masa maƙogwaro ba."

Yau wannan yaro magidanci ne, tela ne, yana da ƴaƴa masu ji da magana. Amma karatu bai taɓa zauna masa sosai ba, don ya shiga makaranta ba shi da harshe ko guda a kansa, na baki ko na hannu. Wanda ya ce "zai yi magana" ba mugu ba ne. Na yi imani tausayi ne ya sa shi, ko kuwa bai sani ba, ya ji kunyar cewa bai sani ba. Ko wanne ne daga ciki, shekara huɗu ta tafi.

Me ya sa nake ƙirga shekarun? Don harshe kamar shuka yake, yana da lokacinsa. Wanda ya yi shuka bayan damina ta raba, ya san abin da zai girba. Shekaru uku na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi kama harshe. A ƙasashen da ke da kayan aiki, ƙa'idar ita ce a auna jin jariri kafin ya cika wata guda, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimakonsa kafin wata shida. Mu ba mu kai nan ba. Amma ba a bukatar na'ura kafin a san cewa yaron da ya tashi daga sanƙarau yana cikin haɗari. OMS ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga wannan cuta, ɗaya yakan fita da wata naƙasa, kuma kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Duk wanda ya yi karatun likita ya san wannan. Abin da ya rage shi ne ya buɗe baki ya faɗa ma iyaye ranar sallama.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce mu mutanen kara ne, ba a jefa ma uwa baƙar magana a fuska. Za su ce ai lamarin na Allah ne, wa ya isa ya yanke cewa yaro ba zai ji ba? Za su ƙara da cewa, tun da ba maganin, mene ne amfanin ɗaga mata hankali?

Na yarda da kara. Akwai yadda ake faɗin gaskiya mai ɗaci: a zaunar da mutum, a rufe ƙofa, a kira uban yaron in yana kusa, a bar su su yi tambaya. Ba a faɗa a tsaye ana rubuta takardar wani. Na kuma yarda komai na Allah ne. Amma manomin da ya ga tsutsa a gonar maƙwabcinsa ba ya yin shiru don kada ransa ya ɓaci. Batun cewa ba magani kuwa, nan ne kuskuren yake. Rashin kwaya daban, rashin abin yi daban. Yaron da ke da sauran ji, na'urar kunne tana iya taimakonsa. Wanda ba shi da ji ko kaɗan, maganar hannu cikakken harshe ce, da ita ake ciniki, da ita ake neman aure, da ita ake faɗa a shirya. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Uwar da aka gaya ma gaskiya tana iya fara nuni da hannu ga ɗanta tun daga ranar. Wadda aka ce ma ta jira, jira kawai za ta yi.

Akwai wani tarko da ya kamata ma'aikaci ya sani, mu ma mu sani. Jaririn da ba ya ji yakan yi gwalantu da dariya a watannin farko kamar kowane jariri. Idonsa kuma yana da kaifi. In ka tafa hannu kusa da shi, yana iya waigowa don ya ga inuwarka, ko ya ji iska, ko motsin ƙasa. Sai a ce ai ga shi yana ji. Saboda haka tafi ɗaya bai isa a sallami uwa ba. In ta ce ɗanta ya kai wata shida ba ya juyowa wajen ƙara, ko ya wuce shekara guda da rabi ba kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a ɗauki maganarta da nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Cewa "ban sani ba" ma aiki ne

Gaskiya ta biyu da muke bi ita ce ma'aikaci ya san iyakar iyawarsa, ya kuma faɗa.

Ga misali daga gona. Lokacin kaka, yara suna wasa wurin sussuka da casa. Sau da yawa wani yakan tura ƙwayar wake ko dawa ko tsakuwa cikin kunne. A kai shi gidan likita, yana kuka yana fizge-fizge. In ma'aikaci ba shi da kayan cirewa da hasken kirki, ya kama tono da hantsaki ko ɗan ƙarfe, abin sai ya ƙara shigewa. Ramin kunne gajere ne, a babba ma bai wuce santimita biyu da rabi ba, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake, wata fata mai laushi kamar ɓawon albasa. In ya ɗura ruwa kuwa, waken ya kumbura ya toshe ramin. Ƙwayar wake ba ta kashe yaro a kwana guda. Wanda ya ce "wannan ya fi ƙarfina, ga takarda, ku tafi asibitin gaba" ya yi aikinsa cikakke. Ni na fi ganin girmansa a kan wanda ya nuna bajinta ya huda dodon kunne.

Haka zancen kunne mai zubar da mugunya. Mun raina wannan ciwo, har wasu na cewa yaro zai bari in ya girma. Littafin da ma'aikatanmu ke bi wajen duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar ya bayyana shi dalla-dalla. In ruwan ya kai kwana 14 yana zuba, ciwon ya zama daɗaɗɗe. Sai a koya ma uwa yadda za ta naɗe tsumma mai tsabta ta tsane ruwan sau uku a yini, a ba ta maganin ɗigawa da ya dace. In kuwa bayan kunnen ya kumbura yana zafi, wannan na gaggawa ne, a tura yaro babban asibiti ba tare da jinkiri ba, don ciwon yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Rubuta takardar magani minti ɗaya ne. Nuna ma uwa yadda ake tsane kunne yakan ci minti biyar. A ganina waɗannan minti biyar suna cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Sai allurai. Akwai magunguna masu ceton rai waɗanda kuma suke iya taɓa kunne in an wuce ƙima ko an daɗe ana yi. Jantamisin yana ciki, haka ma istiraptomisin da aka daɗe ana yi ma masu tarin fuka. Kinin ma yakan sa kunne ya yi ta ƙugi, ko da yake nasa yakan wuce in an daina sha. Kada wani ya karanta wannan ya ƙi allurar da likita ya rubuta, don sau da yawa ita ce tsakanin jariri da kabari. Abin da ke wuyan ma'aikaci shi ne ya auna nauyin yaro kafin ya ɗebi magani, ya rubuta abin da ya yi a karne, ya kuma ce ma majinyaci: in ka ji kunnenka na ƙara, ko jiri na ɗibarka, ka dawo ka gaya mani. Mai yawo da jaka a kasuwa yana yi ma mutane allura a bayan rumfa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ma doka ba ta san da shi ba.

Ba zan daɗe a kan na'urar kunne ba, amma dole in ce wani abu. Na'ura ba ta warkar da kurumta, ƙara sauti take yi. Kamar tabarau take, kowa da awonsa. Wadda aka saya a tebur ba tare da awo ba tana iya zama ba amfani, tana ma iya ƙara ɓata sauran jin da ya rage in ƙararta ta yi yawa. Tana cin batir, ƙurar hunturu da zufa suna toshe ta, kuma abin da ake sa ma yaro a ramin kunne sai an riƙa sake shi don kunnen yana girma. Mai sayarwa ko mai rabawa kyauta, wajibi ne ya faɗi duk wannan tun kafin mutum ya sayar da ragonsa. Na sha ganin baƙi sun zo da mota, sun raba na'urori, an ɗauki hoto, sun tafi. Bayan wata biyu batir ya ƙare, ba inda ake samun irinsa, na'ura ta koma cikin kwalla tare da tsofaffin takardu. Wanda ya sa ma mutum na'ura bai gama aiki ba sai ya gaya masa inda zai koma in ta lalace.

Haka kuma duk wanda ya ce zai raba mutum da i'ina cikin mako guda, a riƙe aljihu. I'ina ba daga beli take ba, ba kuma daga tsoro ko rashin wayo ba. Yara da yawa sukan yi ta tsakanin shekara biyu da biyar, mafi yawansu kuma ta bar su. Wanda ta zauna masa, mai koyar da magana yana iya sauƙaƙa masa ita da horo na watanni. Mai gaskiya zai ce "za mu rage", ba zai rantse cewa za ta tafi ba.

Kurma shi ne majinyaci, ba ɗan rakiyarsa ba

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mani rai. Ku lura da abin da ke faruwa in kurma baligi ya shiga ɗakin likita. Ana duban ɗan rakiya. Ana tambayarsa: me ke damunsa? Yaushe ya fara? A rubuta takarda a miƙa ma ɗan rakiya. Mai ciwon yana zaune kamar buhun da aka kawo awo. Wani lokaci har a yi masa allura ko a cire masa haƙori bai san dalili ba.

Kurma ba yaro ba ne, ba kuma mahaukaci ba ne. Jikinsa nasa ne. Ƙa'idar aikin likita ita ce ba a taɓa baligi mai hankali sai an yi masa bayani ya yarda, in ba a halin ceton rai ba. Wannan ƙa'ida ba ta faɗuwa don mutum ba ya ji. Ma'aikaci ya fuskance shi, haske yana kan fuskarsa, ya yi magana a hankali ba da ihu ba. Ya nuna da hannu, ya zana rana da wata a takarda don lokacin shan magani. In majinyacin ya yi makaranta, a rubuta masa. Mu da muka koyi karatu da girma mun san daɗin ranar da muka fara karanta takardarmu da kanmu, ba tare da wani ya ji sirrinmu ba.

Sirri kuwa a nan yake da wuyar riƙo. Mace kurma ta zo awon ciki, ko tana da ciwon da ba ta son kowa ya sani. Wa ke fassara? Uwar miji, ko kishiya, ko ƙaramin ɗanta. Kafin la'asar zance ya kai bakin rijiya. Ya kamata a tambaye ta, ita da kanta, wa take so ya shiga da ita. In ta nuna ba ta son wanda ya rako ta, a fitar da shi cikin mutunci. Haka mai nauyin ji: don ba ya ji sosai sai a ɗaga murya a faɗi ciwonsa, duk masu jira a baranda suna saurare. A ja shi ɗaki, a rufe ƙofa. Ga kuma wata sabuwar fitina ta zamanin salula. Ma'aikaci ya ɗauki hoton yaro mai tsagaggen leɓe, ko ya naɗi muryar mai i'ina, ya watsa a WhatsApp ko Facebook don a ga aikinsa. In ba a nemi izinin mai abin ko iyayensa ba, cin amana ne, ko da niyyar ta alheri ce.

Kada ku ɗauka wannan roƙo ne kawai. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta tanadi horo ga likita ko unguwarzoma ko mai sayar da magani da ya tona sirrin da aka ba shi saboda aikinsa. Tun 1993 Nijar ta kafa doka ta kare naƙasassu, aka kuma yi wata sabuwa a 2019. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hakkin naƙasassu. Wannan yarjejeniya ta ce a duba su da kyau daidai da kowa, a kuma nemi yardarsu bayan an yi masu bayani. Ta kuma ɗauki maganar hannu a matsayin harshe. Takardun suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka san da su har su nemi hakkinsu.

Wanda aka yi ma ba daidai ba, ya fara da shugaban gidan likitan. In bai samu biyan bukata ba, akwai kwamitin gari mai kula da gidan likita, akwai babban likitan gunduma. Lokotoro kuma suna da majalisarsu ta ƙasa mai ladabtar da ƴaƴanta. Kotu ita ce ta ƙarshe. Ba ina zuga kowa ya yi rigima ba ne. Sau da yawa magana a tsanake tana gyara abin da ƙara ba za ta gyara ba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Majo guda yakan duba mutum masu yawan gaske a yini lokacin zazzaɓin damina. Wani gidan likitan ba shi da ko abin leƙa kunne. Ba wanda ya koya ma yawancinsu maganar hannu a makarantar aikin likita. In sun tura mu birni, kuɗin mota da na masauki su kan hana mu zuwa, sai su ga kamar turawar ba ta da amfani. Wannan nauyi na hukuma ne, kuma muna kira gare ta ta horar da masu awon ji da masu koyar da magana, ta kai su jihohi, kada su tsaya Yamai kaɗai. Sai dai duk wannan bai hana a ce ma uwa "ina jin tsoron ɗanki ba ya ji" ba. Wannan kalma ba ta bukatar lantarki ko kuɗin gwamnati.

Mu ma muna da namu laifin. Mukan zuba man shanu da ruwan albasa da tokar tsumma a kunne, mu yi sakace da ashana da gashin kaza, sai abin ya ɓaci mu tafi asibiti, mu kuma ɓoye abin da muka yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mukan bar yaro ya yini cikin ɗakin injin niƙa, ko ya kwana kusa da injin ban ruwa a garka. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to wannan ƙara tana cin kunne a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. OMS ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata, ta hanyar rigakafin ƙyanda da sanƙarau, da kula da haihuwa, da maganin ciwon kunne da wuri. Allurar rigakafin sanƙarau da aka fara a ƙasarmu a 2010 ta karya ƙarfin irin cutar da ya fi yi mana ɓarna a da. Amma cutar iri-iri ce. A 2015 wani irin ya ɓarke, ya kama mutum fiye da dubu 8, Yamai ta fi shan wahala.

Lokacin sanƙarau daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwa, wato daga Disamba zuwa Yuni. Duk wanda aka kwantar masa da yaro ko babba saboda wannan cuta, kada ya naɗe tabarma ranar sallama sai ya yi tambaya: an duba jinsa? In ba a duba ba, ina za mu je, kuma yaushe? Shawarar OMS ta 2025 ita ce a yi awon kafin sallama, in bai samu ba a yi shi cikin mako huɗu. Ku ce a rubuta maku amsar a cikin karne, da sunan asibitin da ranar zuwa. Tun da yanzu kun iya karatu, ku karanta abin da aka rubuta kafin ku fita daga ɗakin.